Bayan Ritaya: Kakin Agaji, Allon Makaranta, Bencin Asibiti ko Tabarmar Sulhu?

Wata uku na farko bayan ritaya daɗi gare su. Ka idar da sallar asuba ka koma ka miƙe, ba mai nemanka da fayil, ba littafin sa hannu da ake ja wa jan layi da ƙarfe takwas. Sai a wata na huɗu uwargida za ta fara tambaya cikin ladabi, "Malam, yau ba za a ɗan fita ba ne?" Kafin wata na shida ka haddace duk mai wucewa ta ƙofar gidanka da sa'ar da yake wucewa, har mai tallan kayan miya in ya makara kai ne za ka fara lura. A nan na yarda da kifi da ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi.

Abin da ya tayar da maganar nan wani ƙanina ne a wurin aiki, wanda saura masa 'yan watanni ya ajiye. Ya same ni bayan la'asar ya ce, "Yaya, ba maganar kasuwa na zo da ita ba, na ga yadda garatutin mutane ya narke a kiwon kaji. So nake in samu abin da zan riƙa yi saboda Allah, in fita da safe na san inda na dosa. To amma kowa da abin da yake ce mini." Liman ya ce masa agaji, maiɗakinsa ta ce Islamiyya, mai unguwa kuwa har ya fara yi masa tayin wurin zama a zauren sulhu. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi tunani, domin ni kaina na ɗanɗana uku daga cikin irin waɗannan ayyuka, ɗaya ma da kunya na baro shi.

Ƙa'idar aikin gwamnati a Najeriya ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 da kama aiki, duk wadda ta riga zuwa. Malaman makaranta dokar 2022 ta ɗaga musu zuwa 65 ko 40, a wuraren da aka fara aiki da ita. Ke nan wanda ya shiga aiki yana ɗan 22 zai fito yana 57, da sauran ƙarfinsa, da ƙwarewar da ya tara tun yana saurayi, a ce masa ya je ya huta. Irin wannan mutum unguwa na bukatarsa. Matsalar ita ce ƙofofin suna da yawa, kuma kowace da irin abin da take ci a jikin mutum: wata gwiwa take ci, wata aljihu, wata barci, wata kuma mutunci.

Maganar aikin sa-kai nake yi, amma bari in kawar da wani ruɗani tukuna. A Zamfara da Katsina yau in ka ce ɗan sa-kai, abin da ke zuwa wa mutane a rai shi ne mai bindigar gargajiya a bakin daji. Ba wannan nake nufi ba. Ina nufin jikan aikin gayya, wanda kakanninmu ke yi in za a yi noman wani gajiyayye ko a ɗaga jinka. Sintirin dare da gora ko bindiga aikin matasa ne, kuma ko su ɗin da sharaɗi. Dattijo mai hawan jini in yana son taimakon 'yan sintirin unguwarsa, ya riƙe musu littafin waɗanda ke fita, ya tsaya a kan kada a doki wanda aka kama kafin a miƙa shi ga 'yan sanda. Iyakarsa ke nan.

To mu fara da agaji, tunda shi ne ya fi fitowa fili. Ƙungiyoyin sanannu ne: 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, wadda aka kafa a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, da na Fityanul Islam da ta samo asali a Kano a 1963, da na Izala da aka kafa a Jos a 1978. Kowa ya san aikinsu ko da bai taɓa sa kaki ba. Su ne a filin Idi suna daidaita sahu da motoci, su ne a wuraren tafsiri duk watan azumi, su ne a sansanin alhazai suna ɗaukar wa tsofaffi jaka, su ne kuma ake kira in an tsinci gawar da ba a san danginta ba. Babban alherin agaji ga mai ritaya shi ne tsarin a shirye yake. Ba sai ka ƙirƙiro komai ba. Ka je reshen unguwarku, a rubuta sunanka, a gaya maka ranar horo. Wanda ya saba da a ba shi umarni a rubuce, kamar tsohon ɗan sanda ko soja ko ma'aikacin kashe gobara, zai ji kamar ya koma gida.

Sai dai agaji aikin tsayuwa ne. Tafsirin azumi sai ka tsaya daga hantsi zuwa azahar da ƙishi a maƙogwaro, ga fareti, ga tafiye-tafiyen wa'azi zuwa wasu jihohi a bayan mota. Mai ciwon gwiwa ko ciwon suga ya yi wa kansa adalci. Abu na biyu da ba a cika faɗa ba shi ne muƙami. A agaji girma na kaki ne, ba na furfura ba. Tsohon darakta zai iya samun kansa a ƙarƙashin kwamanda ɗan shekara 30, tela ko mai gyaran babur, wanda zai ce masa ya koma bakin ƙofa ya tsaya, kuma dole ya koma. Wasu wannan ne maganin da zuciyarsu ke bukata bayan shekaru ana ce musu ranka ya daɗe. Wasu ko mako biyu ba za su kai ba. Na uku, kakin da ka sa yana bayyana ɓangarenka a addini, ko ka so ko ba ka so ba. In dama can kowa ya san inda ka karkata, ba komai. In kuwa kai mutum ne da kowane masallaci ke ja gaba, ka sani akwai zauren da za a fara yi maka kallon ɗan wancan gida. Kaki da takalmi ma yawanci daga aljihunka ne.

Mai son irin wannan aiki ba tare da rigar ɓangare ba, akwai ƙungiyar Red Cross ta Najeriya, wadda dokar ƙasa ta kafa a 1960, tana kuma da reshe a kowace jiha. A nan za a koya maka taimakon gaggawa na haƙiƙa: yadda ake tsayar da jini, yadda ake ɗaga wanda ya karye ba tare da an ƙarasa shi ba, yadda ake yi wa wanda numfashinsa ya ɗauke. Wannan ilimi ko a gidanka zai yi amfani. Bambancinta da agajin masallaci shi ne aikinta zuwa yake kamar ruwan bazara. Sai a yi watanni shiru, sannan ambaliya ko gobarar kasuwa ko kwalara ta taso a nemi kowa lokaci ɗaya, kamar yadda aka gani a Maiduguri a watan Satumba na 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Mai neman abin da zai fitar da shi kowace safiya ba zai ƙoshi da ita ba. Kuma galibin masu shiga ruwa da laka matasa ne. Gurbin dattijo a wurin shi ne sito, da rajistar waɗanda abin ya shafa, da rabon kaya. Kada a raina wannan, domin a wurin rabo ne ake fi samun rigima, kuma furfura na kwantar da layi fiye da bulala.

Makaranta ita ce na fi daɗewa a ciki, don haka a yi mini uzuri in na tsawaita. Ƙofofinta uku ne, kuma mutane na cakuɗa su.

Ta farko kwamitin gudanar da makaranta, wanda ake kira SBMC, da aka shigo da shi makarantun gwamnati tun tsakiyar shekarun 2000. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da makamancinsa da suke kira COGES. A cikinsa akwai hedimasta, da wakilin malamai, da na iyaye, da na mata, da na tsofaffin ɗalibai, da malamin addini, da mai unguwa ko wakilinsa. A takarda, aikinsa shi ne tsara abin da makaranta ke bukata, da sa ido a kan zuwan malamai da yara, da jawo waɗanda ba sa zuwa. A zahiri kuwa, kwamitoci da yawa suna ne kawai, ba a tuna su sai za a sa hannu a wata takarda. Shi ya sa mai ritaya ɗaya tak, wanda ya san yadda ake rubuta wasiƙa zuwa ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ya kuma san cewa wasiƙa ba ta tafiya da ƙafarta sai an bi ta, yake iya tayar da kwamiti daga barci. Mu da muka yi aikin ofis mun san abin da talaka bai sani ba: wane tebur fayil ke kwana, wa ake gaisarwa, yaushe ake rubuta kasafi. Wannan sani a wajenmu ba komai ba ne, amma a makarantar da iska ta yaye wa kwano shekara biyu, shi ne bambancin aji da kango.

Haɗarin kwamiti shi ne ka ɗauki kanka sufeto. Ni na yi wannan kuskure. Na riƙa zuwa ƙarfe bakwai da rabi da littafi a hannu ina rubuta malaman da suka makara, ina ganin gyara nake. Cikin wata ɗaya ba malamin da ke amsa gaisuwata da fara'a, hedimasta kuma ya fara kiran taro a ranakun da ya san ina asibiti. Daga baya na gane wata malama daga wajen gari take zuwa, mota biyu take hawa, kuma albashinta bai fi kuɗin motar da yawa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da na ajiye littafin na koma tambayar me ya rage, aiki ya fara tafiya.

Ƙofa ta biyu ita ce ka ɗauki alli da kanka. Makarantun firamare na gwamnati a birane irin Kano za ka tarar da aji cike maƙil, yara a ƙasa, malami ɗaya. Islamiyyun unguwa kuma da yawa suna son mai koyar da lissafi ko Turanci ba su da abin biyansa. In kana da haƙurin yara, babu aikin da ke nuna sakamakonsa da wuri kamar wannan. Ka ware yara goma sha biyar 'yan aji huɗu da ba su iya haɗa baƙi ba, ka zauna da su awa ɗaya sau uku a mako, kafin zangon karatu ya ƙare za ka ji wasunsu suna karanta allon shago a hanya. Amma aji alkawari ne. Kwamiti za ka iya ba da uzuri ka tafi ɗaurin aure Gusau, aji kuwa in ka ce Litinin da Laraba, yara za su zauna suna leƙen ƙofa. Mai yawan tafiye-tafiye, ko wanda har yanzu yake zirga-zirgar tantancewar fansho, kada ya ɗauki aji shi kaɗai, ya nemi abokin karɓa-karɓa. Kuma sanin abu daban, iya koyar da shi daban. Na ga injiniyan da ya kasa fahimtar da yaro raba goma gida biyu, ya ƙare da tsawa.

Ta uku ita ce yaƙi da jahilci, wato karatun manya. Wannan tsohuwar hanya ce a Arewa, tun gangamin shekarun 1950, kuma Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 zamanin gwamna Abubakar Rimi, har ta samu yabo daga UNESCO. A ganina ita ce ta fi dacewa da dattijo. Ɗalibanka magidanta ne da matan aure da 'yan kasuwa, da ƙafarsu suka zo, ba mai guje-guje, ba mai kuka. Yawanci da yamma ne ko bayan isha'i. Bukatarsu ma a fili take: mutum ya karanta saƙon banki a wayarsa da kansa, ya sa hannu maimakon dangwale, ya duba takardar asibiti. Mata masu ritaya, musamman tsofaffin malamai, nan ne filinsu, domin akwai gidajen da namiji ba zai shiga ba, mace mai shekaru kuwa har uwar ɗaka. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a Minna a 1985, ta daɗe a wannan fage da makarantu da azuzuwan mata, haka ma zumuntar mata a majami'u. Abin da ke karya gwiwa a karatun manya shi ne raguwa. Ku fara da mutum talatin, damina ta faɗi ko kasuwa ta buɗe, ku koma tara. Wanda zai ɗauki wannan a matsayin raini gara kada ya fara.

Sai fannin lafiya. A nan ma hanya biyu ce, kuma nisansu da juna kamar gabas da yamma. Akwai kwamitin mazaɓa da ke kula da ƙaramin asibitin unguwa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC. Jihar Kano kaɗai mazaɓu 484 gare ta, ka ga gurabe ba su yi kaɗan ba. Aikin ya yi kama da na kwamitin makaranta: a ga cewa ana buɗe asibiti, magani bai bi ta bayan gida ba, mata na zuwa awon ciki, yara na samun rigakafi. Wanda ke shakkar tasirin dattawa a nan ya tuna tarihin shan inna. A 2003 aka dakatar da rigakafin a Kano saboda zargi da jita-jita, aka dawo da shi a 2004, amma gidaje da yawa suka ci gaba da rufe ƙofa. Abin da ya buɗe ƙofofin nan a hankali shi ne sarakuna da masu unguwanni da malamai da mata masu bi gida-gida, har aka kai ga shelar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a watan Agusta na 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Maganar da magidanci ba zai saurara daga bakin yarinya mai ɗauke da akwatin ƙanƙara ba, zai saurare ta daga bakin wanda suke sahu ɗaya a masallaci.

Ɗaya hanyar ita ce taimakon majinyata a manyan asibitoci, irin su Murtala da na Malam Aminu Kano. Duk wanda ya taɓa jinya ya ga mutumin ƙauye riƙe da takarda yana juyawa a baranda, bai san inda ake yankar kati ba, bai san ina ne ɗakin gwaji ba, an ce ya kawo jini bai san wa zai tambaya ba. Mutum ɗaya da ya san lungunan asibitin zai iya rage masa wahalar yini guda cikin minti ashirin. Lada a nan ba a magana. Amma a cikin duk ayyukan da na lissafa, wannan ne ya fi cin aljihu da zuciya. Ba za ka iya kallon uwa tana kuka a kan kuɗin allura ka ce kai nuna hanya kawai ka zo yi ba. Hannunka zai shiga aljihu yau, ya shiga gobe, ranar 15 ga wata fansho ya ƙare, a gida a fara kallonka. Wanda zai yi wannan ya shiga cikin ƙungiya mai asusu, ya kuma yanke wa kansa abin da zai iya fitarwa a wata, ya gaya wa iyalinsa adadin. Sannan ya nemi izinin hukumar asibiti, kada a ɗauke shi ɗan damfara, don su ma suna yawo a barandar. Mai raunin jiki kuma ya tuna asibiti matattarar cuta ce.

Tsofaffin ma'aikatan jinya da ungozoma, ku a gafarce ni da kalma ɗaya. Unguwa za ta mayar da gidanku asibiti tun ranar da kuka ajiye aiki. Shawara da duba hawan jini da cewa "maza ku tafi asibiti" duk alheri ne. Ƙarin ruwa da karɓar haihuwa a ɗaki kuwa, ranar da abu ya ɓaci ba wanda zai tuna kyauta kuka yi. Ku kai ƙwarewarku asibitin unguwa, ku yi aiki a ƙarƙashin inuwarsa da lasisi mai rai.

Yanzu sulhu, wanda ya fi kowanne kwarjini, shi ne kuma na baro da kunya. Ba ya bukatar gwiwa, ba ya cin kuɗin mota, tabarma ce da buta a zauren mai unguwa ko harabar masallaci. A Kano hukumar Hisbah, wadda doka ta kafa a 2003, ita ma kullum cike take da irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe: miji ya daina cefane, an yi saki ana jayayya a kan yara, maƙwabci ya toshe kwata, bashi ya ƙi fita, 'yan'uwa sun kasa raba gida. Duk wanda aka sasanta a tabarma an tsare masa kuɗin lauya da shekarun zirga-zirgar kotu, an kuma bar masa zumuncinsa. Da tsohuwar zuma ake magani, gaskiya ne.

To amma ba kowace tsohuwar zuma ba. Sulhu yana son mutumin da zai ji magana awa biyu bai katse ba, wanda cikinsa rijiya ce, abin da ya faɗa ba ya fitowa ko a gaban matarsa. Mu kuwa da muka saba yanke hukunci a kan fayil da jan biro, gaggawa gare mu. Ni an kawo mini rikicin wasu ma'aurata, na saurari matar, raina ya ɓaci, na wanke mijin tas a gaban surukansa. Bayan mako biyu suka shirya abinsu, kamar yadda harshe da haƙori ke yi, suka haɗu a kan cewa ni ne na so raba su. Har yau in mun haɗu a jana'iza sai dai a ɗaga hannu daga nesa. Ban da wannan, sulhu ba shi da lokacin tashi. Ƙarfe sha ɗaya na dare za a buga maka ƙofa. Akwai kuma iyakoki biyu da ba a tsallakewa. Rabon gado ilimi ne mai ƙa'ida, wanda bai karanta shi ba ya kira malami ko a tafi gaban alƙali. Fyaɗe da kisa da cin zarafin yara kuwa ba kayan tabarma ba ne. Duk dattijon da ya taya aka rufe irin wannan da sunan rufin asiri, ya sani da hannunsa a cikin na gaba.

Akwai kujerar da ke bin duk waɗannan ayyuka kamar inuwa, ita ce ta ma'aji. Da an ji ka yi aiki a ofishin kuɗi, ko dai kawai an ga kana da rufin asiri, za a ce kai za ka riƙe kuɗin masallaci, ko na gyaran taransifoma, ko na makabarta. In za ka karɓa, to da sharaɗi: asusun banki da sunan kwamiti, sa hannun mutum biyu ko uku, rasit ko na ƙusa ne, sannan duk wata a manna lissafi a bangon masallaci kowa ya gani. Kada kuɗin jama'a ya kwana a asusunka ko dare ɗaya. Mutuncin da aka yi shekara 35 ana tarawa, naira dubu biyar da ba a ga rasit ɗinta ba ta isa ta zubar da shi a majalisar mai shayi.

Biyu zan ambata a gurguje. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke ba da alawus na taro da kuɗin mota ba laifi ba ne, amma aikinsu na da wa'adi, in kuɗin shirin ya ƙare sai a naɗe tabarma, kuma mai shiga don alawus zai sha takaici. Kafa gidauniya taka ta kanka kuwa, da suna da hatimi da rajista, ka bari sai ka yi shekara ɗaya a ƙarƙashin wani. Da yawa muradinsu a ci gaba da ce musu shugaba ne, sai a ƙare da allon suna a bakin gareji.

In aka jera su gaba ɗaya, ga yadda nake ganinsu. Mai ƙarfin jiki da son jama'a, wanda zaman kaɗaici ne babban ciwonsa, agaji ya fi masa, don can zai samu 'yan'uwa. Mai ƙaramin fansho ya nisanci barandar babban asibiti, ya nufi makarantar da zai iya zuwa da ƙafa, domin kuɗin Adaidaita Sahu sau biyu a rana shi ma ciwo ne. Wanda ya san hanyoyin ofis amma ba shi da haƙurin yara, kwamiti, na makaranta ko na asibiti. Mai haƙuri da tsayayyen lokaci, aji. Sulhu kuwa kada ka nema da kanka. In kai na wurin ne, mutane sun riga sun fara kawo maka ƙara tun kana aiki. In ba wanda ya taɓa kawowa, wannan ma amsa ce.

Neman gurbin ba shi da wuya, ba a cike fom a intanet. Makaranta, ka je wurin hedimasta. Asibitin unguwa, ka ga mai kula da shi ko shugaban kwamitin mazaɓa. Agaji, ka tambayi mai kakin da ke tsaye a masallacin Juma'arku. Ka je kai kaɗai, ba da babbar riga ba, ka tambayi abin da suka rasa kafin ka faɗi abin da ka iya. Ka ce za ka gwada wata uku, kwana biyu a mako. Faɗin wa'adi tun farko yana ba ka ƙofar fita ba tare da an ce ka gudu ba, in kuma abin ya karɓe ka sai ka ƙara.

Da ƙanin nan nawa ya dawo, duk na zayyana masa wannan, yana ta gyaɗa kai. Can sai na tuna ban tambaye shi abu mafi sauƙi ba. Na ce, "Wai kai shekarun nan duk a wane sashe ka ƙare?" Ya ce, "Haba Yaya, ka manta? Ai ni a ɓangaren ruwa nake, rijiyoyin burtsatse." Na ce masa firamaren da ke bayan gidansa famfonta ya fi shekara a mace, yara na tsallaka titi da robobi lokacin tara, haka na asibitin unguwa, haka na makabarta. Ya yi shiru, sannan ya ce yawanci ba wani abu ba ne, roba ce ke cinyewa ko sanda ta kwance, in an samu yara biyu masu ƙarfi aikin yini ɗaya ne, zai ma iya koya musu. Ya tambaye ni ko na san hedimastan. Na ce na san shi, amma ya fi kyau ya je ba tare da ni ba, don har yanzu akwai malaman da ke tuna littafina.